Hukuncin Shiga Ƙaramin Ayarin Yawon Buɗe Ido Mai Ratsa Ƙasashe Maƙwabta

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ya tsara yawon buɗe ido na kwana 14 da zai ratsa ƙasashe huɗu masu maƙwabtaka da juna, a ƙaramar bas, mutum 12 kacal, maza da mata, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, kuma ɗan jagoran da zai yi mana bayani shi ma ba Musulmi ba ne. Kuɗi ɗaya ake biya, ya haɗa mota da otal da abinci da shiga wuraren tarihi, cikinsu har da kufai da tsofaffin wuraren bautar wasu addinai, kuma ana ba da kafin alƙalami wanda ba a mayarwa idan mutum ya fasa. Ni da maiɗakina muna son zuwa. Ƙanwata ma tana so, amma hutunta bai zo daidai da namu ba, sai dai ta bi rukuni na gaba ita kaɗai. Mene ne hukuncin wannan tafiya, kuma yaya za mu yi da salla?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ya ɗan'uwa, tafiya domin ganin ƙasa da hutawa tare da iyali halal ce a asalinta, domin tana cikin al'amuran rayuwa waɗanda ba a neman dalilin halaccinsu, sai dai a nemi dalilin hani. Allah yana cewa a Suratul Ankabut, aya ta 20: "Ka ce: ku yi tafiya a cikin ƙasa, ku duba yadda Ya fara halitta," kuma a Suratul An'am, aya ta 11, Ya yi umarni da tafiya domin a ga yadda ƙarshen masu ƙaryatawa ya kasance. Hadisin da ya hana ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku yana magana ne a kan nufar wani wuri domin bauta da neman lada ta musamman a cikinsa, bai shafi fatauci ko neman ilimi ko ganin gari ba. Tafiya cikin jama'a ma ta fi ta kaɗaici, saboda abin da Imam Malik ya ruwaito cewa matafiyi ɗaya shaiɗan ne, biyu shaiɗanu biyu ne, uku kuwa ayari ne. Sharaɗin farko dai shi ne kuɗin ya zama rarar da ta saura bayan ciyar da waɗanda ke wuyanka da biyan bashin da lokacinsa ya yi.

Kasancewar ɗan jagora ba Musulmi ba, ba aibi ba ne. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa a tafiyar Hijira Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar sun ɗauki hayar wani mutum daga Banu Dil, ƙwararre wajen sanin hanya, alhali yana kan addinin kafiran Ƙuraishawa. Suka amince masa, suka damƙa masa raƙumansu biyu, suka yi alkawarin haɗuwa da shi a kogon Saur bayan dare uku. Malaman tarihi suna kiransa Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ. Gaskiya ne Bukhari ya kawo hadisin a babin ɗaukar mushrikai aiki lokacin larura, amma Ibn Baɗɗal, mai sharhin Bukhari, ya bayyana cewa galibin malaman fiƙihu sun halatta hakan da larura ko babu. Abin da ake nema ga jagora shi ne amana da sanin hanya. Idan ya shiga bayanin aƙidar mutanen wani wuri, ka saurare shi a matsayin mai ba da labari. Ba malaminka ba ne.

Inda nake so ka tsaya ka yi nazari shi ne takardar jadawalin tafiyar. Mai tafiya shi kaɗai shi ke riƙe da lokacinsa, ya tsaya inda ya so, ya tashi sa'ad da ya so. Wanda ya shiga ayari kuwa ya miƙa kwanakinsa 14 ga madugu: shi zai ce ƙarfe bakwai na safe kowa ya kasance cikin mota, shi ya zaɓi gidan abincin dare, shi ya san inda za a yada zango. Saboda haka hukuncin wannan tafiya a aikace yana cikin wannan takarda, kuma lokacin karanta ta shi ne kafin a biya kuɗi, domin wanda ya ga sharaɗi da idonsa ya sa hannu ba zai dawo daga baya ya kira shi larura ba. Idan an rubuta cewa daren kaza za a je gidan rawa, ko yinin kaza za a zaga gidajen da ake haɗa giya ana ɗanɗanawa, sai ka tambaya a rubuce ko za a iya cire wannan ɓangare daga kasonka. In an cire, tafiyar tana nan kan halaccinta. In kuwa shi ne ginshiƙin shirin, ko ba ya rabuwa da kuɗin da za ka biya, sai ka nemi wani shirin.

Ta fuskar ciniki, wannan yarjejeniya haya ce ta amfani, kuma haɗa mota da masauki da jagoranci a farashi ɗaya ba ya ɓata ta matuƙar an fayyace yawan kwanaki da garuruwa da darajar otal da abin da kuɗin ya ƙunsa, yadda ba za a bar ƙofar jayayya ba. Kafin alƙalamin da ba a mayarwa shi ne abin da malamai ke kira arbun. Malikawa da Shafi'awa da Hanafawa sun hana shi, Imam Ahmad ya halatta, kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na takwas a Brunei cikin 1993, ta halatta shi idan an ƙayyade wa'adin jira, ta kuma ce haya tana bin hukuncin saye da sayarwa a nan. Ina ganin babu laifi ka yi aiki da wannan, tun da kamfanin yana kama ɗakuna da kujeru da sunanka, fasawarka kuma asara ce ta zahiri a gare shi. Inshorar tafiya, idan an shar'anta ta kafin ba da biza kamar yadda ƙasashen Shengen na Turai suke yi, ka nemi ta takaful, wato inshorar Musulunci. Idan ba ka samu ba, ka ɗauki gwargwadon abin da aka wajabta. Ita bizar alkawari ce tsakaninka da ƙasar da ta buɗe maka ƙofa, aya ta farko a Suratul Ma'ida kuma ta yi umarni da cika alkawura, don haka ba ya halatta a shiga da sunan yawon buɗe ido da niyyar sulalewa daga ayari a zauna.

Sai salla, wadda ita ce aka fi yin sakaci da ita a irin wannan tafiya. Nisan da ake yin ƙasaru a cikinsa a mazhabar Malikiyya mil 48 ne, abin da ya ɗara kilomita 80 kaɗan, kuma ƙasarun yana yankewa idan matafiyi ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda. Hanafawa su kwana 15 suka ce. Shari'a nisa take dubawa da niyyar zama, kan iyaka da hatimin fasfo ba su da tasiri a nan. Tun da irin wannan shiri yawanci dare biyu ne a wannan gari, dare uku a wancan, za ku yi ta sallar Azahar da La'asar da Isha raka'a bibbiyu har ku dawo. Idan jadawalin ya zaunar da ku kwana huɗu cikakku a birni ɗaya, ku cika salla tun daga isarku, kuma 'yar fitar da za a yi da rana zuwa wani wuri kusa ba ta dawo muku da ƙasaru. Duk sa'ad da kuka bi limamin gari, ku cika tare da shi.

Akwai wata magana da ba zan ɓoye maka ba. Shaihu Khalil, mai littafin Muktasar na Malikiyya, ya taƙaita sunnar ƙasaru ga matafiyin da ba saɓo ya fitar da shi ba, ba kuma wasa ba, masu sharhi suka ce makaruhi ne ga wanda ya fita domin wasa kawai, kamar mai farauta don nishaɗi, ko da yake in ya yi ƙasarun ba zai sake ba. Shafi'awa ma suna da magana a kan wanda ba shi da wata manufa sai kallon garuruwa. Hanafawa ba sa duba dalilin tafiya sam, Ibn Ƙudama daga Hambalawa kuma ya rinjayar da halaccin rangwame ga mai tafiyar shaƙatawa. Abin da na natsu da shi shi ne, wanda ya fita da iyalinsa domin hutu na halal da ƙarin sani da lura da ayoyin Allah yana da manufa ingantacciya, ƙasaru ya halatta gare shi. Wanda kuma ya cika don fita daga saɓani, sallarsa ta yi.

Haɗa salloli biyu shi ne zai fi yi muku amfani. Muslim ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Jabal cewa a tafiyar Tabuka Annabi (SAW) ya kasance yana haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Isha. Ka ɗauka kun iso kan iyaka rana ta take tsaka, jagora ya tattara fasfo, an ce kowa ya tsaya a layi kada ya gusa, sa'a biyu ta wuce kafin a buga hatimi, sannan ga sauran tafiyar sa'a uku a gaba. Wanda ya karanta jadawali tun daren jiya ya san haka za ta faru, ya riƙe alwalarsa, yana tsallakawa ya sami gefe ya shimfiɗa darduma ya yi Azahar da La'asar, raka'a biyu da biyu, kafin direba ya gama shan mai. Wanda bai shirya ba shi ne zai ga rana ta faɗi yana kan kujera. Farilla ba a yin ta a zaune cikin mota matuƙar ana iya sauka, domin Jabir ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana nafila a kan abin hawansa, amma idan zai yi farilla sai ya sauka ya fuskanci alƙibla. A nan ƙanƙantar ayarin alheri ce gare ku: jagoran da ke da mutum 12 ba zai gagara ba ku minti goma ba idan kun gaya masa tun ranar farko, kuma ya fi kyau ku sanar da kamfanin kafin tashi. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi, amma in ta riske ku kusa da masallaci, zuwa ya fi.

Teburin dare ma yana buƙatar shiri, domin mutum 12 yawanci tebur ɗaya ake haɗa musu, kuma wasu za su sa a kawo musu kwalba. Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Ku nemi ƙaramin tebur a gefe cikin ladabi, ba tare da wulaƙanta kowa ba. Ku gaisa, ku yi hira a mota, ku taimaki mai nauyin kaya, wannan duk kyakkyawar abota ce ta tafiya. Yankan Ma'abota Littafi halal ne da nassin aya ta 5 a Suratul Ma'ida, amma inda ba ku san wanda ya yanka ba, ko ƙasar ba ta Musulmi ko Ma'abota Littafi ba ce, kifi da ƙwai da kayan lambu sun wadatar.

Game da kufai, a bambance tsakanin tsohon gari da mutanensa suka watse, wanda shigarsa ba komai, da wurin da nassi ya tabbatar an saukar da azaba. Lokacin da Annabi (SAW) ya bi ta Hijir, mazaunin Samudawa, a hanyar Tabuka shekara ta 9 bayan Hijira, ya ce kada a shiga wa waɗannan da aka azabtar sai ana kuka, sannan ya lulluɓe kansa ya gaggauta har ya wuce kwarin. Wurin yana nan kusa da Al-Ula a Saudiyya, ana kiransa Mada'in Salih. Irinsa ba wurin raha da ɗaukar hoto ana dariya ba ne. Wuraren bautar wasu addinai kuwa malamai sun saɓa: Hambalawa sun sauƙaƙa shiga coci, wasu sun karhanta, wasu sun hana idan akwai mutum-mutumi, saboda maganar Sayyidina Umar cewa ba ma shiga coci-cocinku saboda siffofin da ke ciki. Wanda ya shiga don ganin gini a lokacin da ba a ibada, ba zan ce ya yi haram ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin shiga cikin ibadar kanta, kamar rusunawa gunki, ko kunna masa kyandir ko turare, ko da jagora ya ce ladabin wurin ke nan. A irin wannan sai ku jira a waje.

Maganar ƙanwarka ita ce ta fi nauyi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa mace ba ta tafiya sai da muharrami, har wani mutum ya ce an rubuta sunansa cikin mayaƙa alhali matarsa ta fita aikin Hajji, Annabi (SAW) ya ce ya tafi ya yi Hajji da matarsa. Malikawa da Shafi'awa sun yi rangwame da amintattun abokan tafiya a Hajjin farilla. Wasu malaman zamani sun faɗaɗa rangwamen zuwa sauran tafiye-tafiye idan akwai aminci, suna kafa hujja da hadisin Adiyyu ɗan Hatim game da matar da za ta taso daga garin Hira na Iraƙi har ta yi ɗawafi ba ta tsoron kowa sai Allah, da kuma maganar Al-Baji, babban malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 474 bayan Hijira, cewa manyan ayarori da hanyoyi masu jama'a da aminci kamar cikin gari suke. Sai dai shi Al-Bajin a wannan maganar tasa ya bar hanin a kan halin kaɗaici da kuma adadi kaɗan, kuma wannan shi ne siffar tafiyar da ka kwatanta: mutum 12 da ba ta san su ba, dare 14 a otal-otal dabam-dabam, kan iyaka uku, ba kuma farilla ko magani ko karatu ya fitar da ita ba. Ƙanƙantar da ta zama sauƙi gare ku wajen salla, ita ce ta fitar da ayarin daga rangwamen a wajenta. Don haka ban ga halaccin ta bi rukuni na gaba ita kaɗai ba. Ko dai ku ɗage tafiyarku zuwa lokacin hutunta ku tafi tare, tun da kai muharraminta ne, ko wani muharramin ya raka ta, ko ta jira wata shekarar.

Wallahu a'alam.