Kakana sojan Faransa ne: ina da haƙƙin zama 'yar ƙasarsu?

Tambaya: An haifi mahaifina a Damagaram a 1938. Uwarsa Bahaushiya ce, ubansa sojan Faransa da ya ajiye ta, ya koma gida bai waiwaye su ba. Shin jininsa ya ba ni haƙƙin takardun Faransa?

Amsa: 'Yar'uwa, jini kaɗai ba zai kai ki ba. Kotun Faransa takarda take bi.

Irin zaman da kakarki ta yi, dokarsu ba ta ɗauke shi aure ba. Dokar Napoleon ta 1804 ta hana ɗa ya kai ƙarar neman ubansa. Da aka sassauta a 1912, sai aka bar wa gwamnonin mulkin mallaka damar toshe wannan hanya ga matan ƙasa da 'ya'yansu. Zalunci ne tsagwaronsa: an kare mutuncin namijin da ya gudu, an bar mace da goyo.

Amma akwai ƙofa. Dokar 5 ga Satumba 1930 ta ba barbarar yanyawa a Afirka ta Yamma damar zama 'yan Faransa ta hanyar hukuncin kotu, ko da ba a san sunan uban ba. Alƙali yakan duba kamannin yaro da sunansa da tarbiyyarsa. In mahaifinki ya samu wannan hukunci, ko ubansa ya karɓe shi a rubuce kafin ya kai shekarun girma, to samun 'yancin Nijar a 1960 bai ƙwace masa matsayinsa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 30-3 na dokar farar hula ta Faransa. In an shafe shekara 50 a wajen Faransa, kuma daga ke har mahaifinki babu mai shaidar ana ɗaukarsa Bafaranshe, kamar fasfo ko rajistar ofishin jakadanci, kotu na iya rufe maganar.

Don haka ki fara da akwatin tsohon, ki zazzage kowace takarda mai hatimi. Ki rubuta wa ofishin rajistar haihuwa na Nantes da ma'ajiyar takardun mulkin mallaka ta Aix-en-Provence, duka a Faransa. Kada ki ɓata kuɗi kan gwajin jini, sai alƙali ya umarta ake karɓarsa. Idan hujjoji suka haɗu, kotun Paris za ki nemi takardar shaidar zama 'yar ƙasa. In aka hana ki, wata 6 gare ki ki shigar da ƙara, kuma nan dole ki ɗauki lauya a can.