Notin fulin kiranshaf ya ƙi kwancewa a Honda Bebi Boi, me zan yi?

Tambayar yau ta zo daga wani ɗan uwa a wani ƙauye wajen Jahun, jihar Jigawa. Ga abin da ya ce:

"Salamu alaikum Oga. Ina da Honda Bebi Boi otomatik, wata famfo ɗinta, wato famfon ruwan injin, ya fara yoyo shine na sayo sabo da tayimin bel nace bari in canza da kaina a gida tunda ina ɗan taɓa gyara. Komai ya kwance amma babban notin nan na tsakiyar fuli ya ƙi, in na danna sai injin ya bi ni yana juyawa. Wani yace in tokare sifana da ƙasa in buga kik zai kwance, wani kuma yace notin na hagu ne. Dan Allah wanne ne gaskiya?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. To da farko dai duka biyun nan kada ka ɗauka, musamman ma maganar kik ɗin, bari in fara da ita tunda ita ce mai ɓarna.

Dabarar buga kik gaskiya ce, ana yi, kuma tana aiki a motocin da injinsu ke juyawa ta dama irin su Corolla da Camry, saboda in ka riƙe kan notin ƙam sannan kiranshaf, wato sandar injin da fulin yake kai, ya juya dama to kamar ka murɗa notin hagu ne, sai ya saki. Amma Bebi Boi, wato Accord ta 1998 zuwa 2002 mai fulogi huɗu, injinta F23 ne, shi kuwa in ka tsaya kana kallon fulin, wato faifan da bel ke hawa kai, ta hagu yake juyawa, saɓanin hannun agogo. Haka tsofaffin Honda suke, Hala da Buldog da Civic na da duk haka ne. Kaga kenan in ka tokare sifana ka buga kik ƙara ɗaure notin za ka yi, ko sifanar ta fizge ta tashi sama ta fasa wani abu ko ta sami ƙafar yaron da ke tsaye yana kallo. Sai daga 2003 da aka kawo injin K24 mai sarƙa maimakon bel ne Accord mai fulogi huɗu ta koma juyin dama. Kuma wannan juyin hagun ne yake sa mutane suke cewa notin ma na hagu ne, alhali a'a, zarensa irin na kowane noti ne, hagu ake kwancewa dama ake ɗaurewa. In ka bi maganar mai cewa na hagu ne wallahi sai dai ka guntule shi a cikin kiranshaf, daga nan kuma magana ta zama babba.

Dalilin taurinsa kuwa, kamfani da kansa yana ɗaure shi a 245 Nm, wato ma'aunin ƙarfin murɗa noti, notin taya da kake gani da ƙarfi bai wuce 108 ba a wannan motar, ka ƙara da shekara ashirin da wani abu na zafi da sanyi da ƙura, ƙarfin da zai kwance shi ya ninka wancan. Amma ni a ganina ba rashin ƙarfi ne yake kayar da mutane ba. Mutum mai kilo 70 in ya ɗora nauyinsa a ƙarshen fayif mai tsawon mita 1 ya bada kusan 690 Nm, ya isa har ya yi yawa. Matsalar ita ce ƙarfin baya isa ga notin, injin yana juyawa ya cinye rabi, dogon ƙarfen soket yana murɗewa ya cinye saura, motar tana lilo a kan jak ta cinye ɗan abin da ya rage. Don haka aikin duka shi ne ka hana komai motsi in banda notin.

Leƙa tsakiyar fulin da fitila, za ka ga rami mai kusurwa shida kewaye da notin, faɗinsa milimita 50. Ba ado bane, Honda ta yi shi ne don a zura mariƙi a riƙe fulin. Mariƙin nan ƙarfe ne mai kusurwa shida da huda a tsakiya yadda soket mai lamba 19 zai wuce ta ciki. Ka tambaya wajen masu kayan aikin bakanike a Ƙofar Ruwa in akwai mai zuwa Kano, in kuma ba hali mai walda zai haɗa maka: a samo ƙaton noti wanda faɗinsa 50 ne, a gwada ya zauna daram a ramin, a tabbatar soket ɗinka yana wucewa ta hudarsa, sai a liƙa masa hannun ƙarfe mai kauri. Waldar dai ta ci sosai, ba ɗan ɗigo biyu ba. Hannun nan shi za ka tokare da ƙasa ko da ƙarfen ƙasan mota mai ƙwari, ba jikin lagireto ko fayif ɗin birki ba.

Yanzu zaman motar. Fulin yana ɓangaren direba, sai ka cire tayar gaba ta hagu da robar da ke rufe wajen. Ƙasar wajenku yashi ne, jak yana nutsewa, saboda haka shimfiɗa katako mai faɗi tukuna, kuma kada ka bar mota a kan jak kaɗai, sa mata gungumen ice mai ƙwari a ƙasa ka tare tayoyin baya da dutse. Bulon siminti ban yarda da shi ba, fashewa yake ba sallama. Cire kan batir.

Soket ɗin ya zama mai kusurwa shida, baƙin nan mai kauri, ba mai haƙora goma sha biyu ba don shi cinye kan noti yake. Ƙarfen ƙari guda ɗaya mai kauri da zai fito da kai waje da jikin mota, ba guntaye uku da aka jona ba. Sai abin da yawanci ake mantawa kuma shi ne rabin aikin: inda ƙarfen ƙarin ya haɗu da hannun sifana, a sa masa abin da zai zauna a kai daidai tsayin notin, ko gungume ko wani jak ɗin, yadda in ka danna ba zai sunkuya ƙasa ya zame daga kan notin ba. Ka zura fayif ɗinka ta yadda dannawa ƙasa za ta zama juyin hagu, ka ɗora nauyinka a hankali kana ƙarawa, banda tsalle a kai. In zai saki za ka ji ƙara ɗas kamar abu ya karye, kada gabanka ya faɗi, haka yake yi.

Maganar sa giya a taka birki, wannan ta masu manuwal ce, taka otomatik ce babu abin da zai riƙe injin ko ka sa a P. Wasu suna cire kik su cusa ƙarfe a haƙoran fulawil, wato faifan da kik ke juyawa, yana yi, amma in haƙori ya karye sai an sauke giya, ni dai bana so. Cusa igiya ta ramin fulogi ma haka, in fistin ba a daidai wajen yake ba bawul za ka lanƙwasa. Kada kuma ka naɗe sarƙa a bayan fulin ka riƙe, ƙarfe biyu ne da roba a tsakaninsu, robar na yagewa fulin ya tashi aiki. Saboda robar nan da oyil sil mai hana mai yoyo da ke bayanta ne ma nake hana a kunna masa wutar walda, man feshi na tsatsa kuwa ka fesa ba laifi amma kada ka sa rai, ba ya kaiwa ga zaren.

In duk ka yi wannan ya ƙi, nemi masu bindigar iska irin ta masu kwance tayar manyan motoci a Dutse ko Haɗeja, sai dai a yi aikin can gaba ɗaya, kada a sassauta maka noti ka kamo hanyar ƙauye da shi a haka.

Masu Golf 3 da ke karantawa, ku wannan wahalar bata shafe ku ba in bel kawai za ku canza, ƙananan notin alanki huɗu ne suke riƙe da fulinku, na tsakiyar ku ƙyale shi.

Wajen mayarwa kuma a kula, don nan ma ana ɓarna. Akwai ɗan ƙaramin ƙarfe da ake cewa ki a bakin kiranshaf, in ka zare fuli yakan faɗo, a cikin yashi kuwa sai dai wani ba shi ba, to shimfiɗa buhu a ƙasa kafin ka zare. Bebi Boi bel biyu gare ta a ciki, na tayimin da ƙaramin na balansa, tunda ka buɗe ka canza duka, kuma in sil ɗin yana jiƙe da mai shi ma ka canza. Ka goge notin, ka shafa ɗan baƙin mai a zarensa da ƙarƙashin kansa, ka riƙe fulin da mariƙin nan ka ɗaure zuwa 245. In babu sifanar awo ka aro, in ta gagara to lissafinsa kamar nauyin kilo 25 ne a ƙarshen fayif mai mita 1, ba duka nauyinka ba. Notin da bai ɗauru ba shi ke sa fuli rawa har ya cinye gurbin ki, daga nan sai neman wani kiranshaf. Kafin ka tada ta ka juya injin da hannu ta hagu zagaye biyu ka sake duba makin tayimin, saboda injin nan in bel ya tsallake haƙora fistin yana dukan bawul. Allah ya bada sa'a.