Kuɗin biza da kuɗin dangi ba na kasuwar hannun jari ba ne

Wasiƙar wannan makon daga wata 'yar'uwa ce da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane ta:

"Assalamu alaikum. Bara wata abokiyar aikina ta saka ni a wani zauren WhatsApp da ake faɗin hannun jarin da za a saya. Karon farko na sayi na wani babban kamfani, na ci ribar kusan fam 900, murna ta sa na faɗa wa Yayana. Yanzu mai zauren ya nuna mana wani ƙaramin kamfani a kasuwar Amurka, ya ce zai ninka sau uku kafin wata biyu. Na zuba fam 4,000 daga kuɗin da nake tarawa na sabunta biza. Cikin mako guda ya sauka da kashi ɗaya cikin uku. 'Yan zauren sun rabu biyu, wasu na cewa a ƙara saye tunda ya yi araha, wasu na cewa a gudu. Ana cikin haka Yaya ya tara kuɗi daga 'yan'uwa biyar, yana so ya turo ta hannun ɗan canji in juya musu, a ba ni kaso. Da na yi jinkiri sai ya kai ƙarata wurin Mama, wai na samu hanyar arziki na rufe ƙofa. Barci ya gagare ni. In sayar ko in jira? Kuma me zan ce wa Yaya?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya yaye miki wannan damuwa. Tambaya biyu kika yi, amma da ta biyun zan fara, domin faɗuwar hannun jarin kuɗi kawai za ta ci miki, kuɗin Yaya kuwa zai iya cin zamanki a ƙasar gaba ɗaya.

Kada ki karɓa, ko fam ɗaya.

Kin san yadda turo kuɗi ta hannun ɗan canji yake. Yaya zai ba shi kuɗin gida, shi kuma ya sa wani da ke nan Ingila, wanda ba ki taɓa jin sunansa ba, ya zuba fam a asusunki. Wani lokaci ma ba mutum ɗaya ba ne, uku ne ko huɗu, kowa da ɗan abin da zai saka. Daga ina waɗannan mutane suka samo kuɗin? Ke ba ki sani ba, Yaya bai sani ba, sau da yawa shi kansa ɗan canjin bai tambaya ba. Na ga mutumin da aka rufe wa asusu ana gobe albashi, saboda ɗaya daga cikin waɗanda suka zuba masa kuɗi ya samo su ne ta hanyar damfarar wata tsohuwa. Banki bai saurari dogon bayaninsa ba. Idan banki ya ɗauke ki a matsayin wadda ake bi ta asusunta a wanke kuɗin sata, zai iya saka sunanki a kundin Cifas, wato rajistar da bankunan Birtaniya ke sanar da juna sunayen waɗanda aka samu da hannu a damfara, alamar kuma tana iya zama har shekara 6. Da ita a kanki, buɗe sabon asusu ma sai kin sha wuya, balle neman bashin gida. Mai aikin da bizarta ke rataye da albashi, kuma ba ta da asusun karɓar albashin, kin ga inda ta tsaya.

Sai maganar kason da za a ba ki. Dokar harkokin kuɗi ta Birtaniya ta shekarar 2000 ta hana mutum juya wa wasu jarinsu a matsayin sana'a sai da izinin FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a ƙasar, saɓa wannan kuma laifi ne da kotu ke hukuntawa. Taimaka wa ɗan'uwa kyauta wani abu ne daban, amma da zarar kin tara kuɗin mutum biyar kina cin kaso daga ribarsu, abin ya fara ɗaukar kamannin sana'a. Ke da kike fatan neman zaman dindindin, bai kamata ki je ko kusa da wannan iyakar ba. Ga kuma haraji: duk ribar da aka samu da sunanki, a wurin HMRC, hukumar haraji ta Birtaniya, taki ce. Abin da aka yafe wa mutum na ribar sayar da kadara yanzu fam 3,000 ne kacal a shekara. Asusun ISA da ake saka har fam 20,000 a shekara ba tare da haraji ba, sharaɗinsa kuɗin su zama naki ne, ba na riƙo ba. Wato in an ci riba ke ce da haraji, in an yi asara ke ce da zargi.

Zan faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa Yaya daɗi ba: bai kyauta ba. Tara kuɗin mutane da sunanki kafin ya ji ta bakinki kuskure ne, kai ƙararki wurin Mama kuma ya fi muni, domin ya san da wuya ki yi mata musu. Irin wannan matsin na sha ganinsa. Na gida suna jin labarin fam 900 sai su yi wa rogo kallon kitse. Ba su ga tashin asuba cikin sanyi ba, ba su ga ɗaga tsofaffi har bayanki ya riƙe ba. Ki tambayi kanki, ranar da kuɗin mutum biyar ɗin nan ya koma rabi, wa zai yarda kasuwa ce ta faɗi? Za a ce kin ci. Wanda ya fi kowa ɗaga murya yau cewa kin rufe ƙofa, shi ne zai fara cewa ki biya daga albashinki. Na san gidan da shekaru suka shuɗe wa da ƙanwa ba sa gaisawa a kan irin wannan amana, alhali yarinyar ba ta taɓa ko kwabo ba. Ƙin karɓar kuɗin nan shi ne zai tsare zumuncin, kuma ba ki da laifin rowa a ciki.

Mama kuwa, ki kira ta da kanki, ba ta bakin kowa ba. Ki gaya mata abin da kika ɓoye: kin saka kuɗin takardunki, kuma a yanzu asara kike ciki. Na tabbata Yaya labarin ribar kaɗai ya kai mata. Uwa in ta ji cewa abin zai iya jawo a rufe miki asusu ko a taɓa zamanki, ita ce za ta fara hana shi. Shi kuma ki ce masa cikin ladabi: "Yaya, dokar ƙasar nan ba ta ba ni damar riƙe jarin wani a asusuna ba. A mayar wa kowa kuɗinsa. Mai son saka jari ya buɗe asusu da sunansa wurin dillali mai rajista a inda yake." Kada ki ƙara da "sai nan gaba", domin zai riƙe ki da ita.

Yanzu mu dawo kan mai zauren. Abin da kika bayyana ya yi kama ƙwarai da wata tsohuwar dabara da 'yan damfara suka mayar kan waya. Da farko a nuna miki babban kamfani da kowa ya sani, ki ci 'yar riba, ki saki jiki. Daga nan a kawo ƙaramin kamfanin da ba a cika cinikin hannun jarinsa ba. Su sun riga sun saye shi da araha. Idan ɗaruruwan mutane daga zauruka daban-daban suka afka saye a lokaci ɗaya, farashi ya yi sama, sai su sayar muku su fice. Da sun gama, ba sauran mai saye, farashin ya rufto, wani lokaci a cikin awa guda. Waɗanda ke ihun "a ƙara saye" a zauren, ba mamaki rabinsu lambobin mutum ɗaya ne. Ki tambayi kanki abin da zai sa wanda ya san kamfanin da zai ninka sau uku ya zauna yana raba wa baƙi sirrin kyauta.

Kafin komai, ki tabbatar manhajar da kika saya a ciki ta gaske ce. Ki nemi sunan kamfanin a rajistar FCA, ki kira lambar da ke cikin rajistar, ba wadda aka turo a zaure ba, domin akwai masu kwaikwayon suna da tambarin kamfanonin gaske. In mai zauren ne ya turo miki hanyar sauke manhajar, ki gwada cire wani abu yau. Duk inda aka ce sai kin biya "haraji" ko "kuɗin buɗewa" kafin a sake miki kuɗinki, to babu hannun jari a wurin, lambobi ne kawai aka zana miki a fuskar waya. Ki sanar da bankinki nan take. Bayan haka za a kira ki a ce za a ƙwato miki kuɗin in kin biya wani abu. Su ne dai suka sake dawowa.

Masu cewa a jira ba ƙarya suke yi ba gaba ɗaya, sai dai sun ɗauko hujjar wani wuri sun ɗora a inda ba ta zauna ba. Ma'aunin S&P 500, wanda ya haɗa manyan kamfanonin Amurka kusan 500, ya faɗi da kimanin kashi 34 cikin 100 tsakanin 19 ga Fabrairu da 23 ga Maris na 2020 lokacin korona, kafin ƙarshen Agusta kuma ya wuce inda yake a da. A Afrilun 2025, bayan sanarwar harajin kayan shigowa ta Trump, ya zube da sama da kashi 10 cikin kwana biyu, ranar 9 ga watan kuma ya tashi da kashi 9.5 a yini ɗaya. Wanda ya firgita ya sayar a tsakani, ya yi asarar da bai kamata ba. Amma wannan labarin kasuwa ce baki ɗayanta, inda in wani kamfani ya mutu wani ke maye gurbinsa. Kamfani guda ba shi da wannan alkawari. Hannun jarin GameStop, kamfanin sayar da wasannin bidiyo na Amurka da ƙananan masu saka jari suka yi ta zuga juna a kansa a intanet, ya taɓa dala 483 ranar 28 ga Janairun 2021, cikin Fabrairu ya sauko ƙasa da dala 50. Shi ma kamfani ne sananne mai shaguna, ba irin wanda aka raɗa muku ba. Ki riƙe wannan lissafin kuma: abin da ya faɗi da kashi ɗaya cikin uku sai ya tashi da rabi kafin ki dawo daidai, wanda ya faɗi da rabi sai ya ninka.

Zaurukan nan cike suke da masu hoton riba, wanda ya yi asara shiru yake yi ya fita. Malaman jami'a biyu a Amurka, Brad Barber da Terrance Odean, sun bi asusun gidaje sama da 66,000 daga 1991 zuwa 1996. Waɗanda suka fi yawan saye da sayarwa sun samu kashi 11.4 a shekara, alhali kasuwar kanta ta ba da 17.9. Yawan motsin ne ya cinye su, ta hanyar kuɗin dillali da sauran kuɗin ciniki. In kuma aka fara yi miki tallan CFD, inda dillali ke ranta miki ki ninka ciniki, ki karanta gargaɗin da doka ta tilasta musu rubutawa. Hukumar kasuwannin Tarayyar Turai ta gano a 2018 cewa kashi 74 zuwa 89 na asusun ƙananan masu wannan ciniki asara suke yi. Ga kuma kuɗin ruwa da ake caja a kan duk cinikin da ya kwana, wanda ya ishi mai gudun riba ta haram dalilin nesanta kansa.

Amma abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne inda kika ɗebo fam 4,000 ɗin. Kuɗin biza yana da rana, kasuwa kuwa ba ta san ranarki ba. Bizarki a hannun kamfanin da ya ɗauke ki take. In aka ƙwace masa lasisi, kamar yadda aka yi wa ɗaruruwan kamfanonin kula da tsofaffi a 'yan shekarun nan, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samu wani ko ya bar ƙasar, kuma sharaɗin bizarki ya hana ki tallafin gwamnati. A waɗannan kwanakin haya da abinci daga aljihunki za su fito. Ɗan ƙasa zai iya jiran kasuwa shekara uku, ke ba ki da wannan sararin.

Don haka in kin tabbatar hannun jarin na gaske ne kuma ana iya sayar da shi, ra'ayina ki sayar ki mayar da abin da ya saura asusun ajiya. Zai yi zafi, kuma mai yiwuwa farashin ya ɗan ɗaga bayan kin fita, a zaure a yi miki dariya. Ki fice daga zauren kafin nan, ki kuma ja kunnen abokiyar aikin da ta saka ki, don da alama ita ma tana ciki tsundum. Ki cike kuɗin bizar, ki tara na zaman wata uku zuwa shida. Sai abin da ya ragu bayan haka, wanda ba za ki neme shi ba nan da shekara biyar, shi za ki iya sakawa kaɗan-kaɗan duk wata a asusun gamayya mai sayen ɗaruruwan kamfanoni a tare, ta cikin ISA da sunanki. Akwai irinsu da ake tacewa bisa ƙa'idar shari'a, ana cire bankunan ruwa da kamfanonin giya da caca. Ki adana takardun wannan cinikin da kika yi asara a kai, domin in ba a cikin ISA kika yi shi ba, kina iya sanar da HMRC a rage asarar daga ribar da za ki samu nan gaba.