Ku Tambayi Mai Tsuntsaye: Ƙidayar da Ba a Biyan Kowa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Gashuwa. A watan Janairu na tarar da wasu matasa a bakin fadama riƙe da madubin hangen nesa, suna dubawa suna latsa waya. Suka ce tsuntsaye suke ƙirgawa, kuma babu mai biyansu. Ni da korar jan baki a gonar shinkafar mahaifina na girma, na san tsuntsayen yankinmu da sunayensu, amma ban yi karatun kimiyya ba. Irina yana da abin da zai ƙara a wannan aiki? Kuma mene ne amfaninsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kana da abin ƙarawa ƙwarai, kuma zan fara da ungulu don ka ga dalili.

Ina yaro, kowace ranar kasuwa a garinmu ungulaye sukan jeru a kan katangar mahauta har sai an kore su da sanda. Yau sai in shekara ban ga ko ɗaya a wurin ba. Na tambayi mahauta da dattawa yaushe suka tafi. Wani ya ce tun zamanin soja, wani ya ce ai ba a daɗe ba. Kowa ya shaida tafiyarsu, babu wanda ya rubuta. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, mai tantance halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sa wannan ungulun namu na gida a jerin waɗanda suke dab da ƙarewa. Guba da farautar sassan jikinta don haɗa magani suna cikin manyan dalilai. Abin yana yi mini ciwo, domin da a ce malami guda a kowane gari yana rubuta adadin da ya gani a mayanka sau ɗaya a wata, da an ankara tun ana iya yin wani abu cikin sauƙi. Haka gauraka, tsuntsun da ake kira na ƙasa a Najeriya, wanda yaran yanzu da yawa ba su taɓa jin kukansa ba.

Matasan da ka gani, mai yiwuwa ƙidayar tsuntsayen ruwa suke yi, wadda ake gudanarwa a tsakiyar Janairu a ƙasashe da dama tun 1967. Fadamar Haɗeja da Nguru tana cikin wuraren da ake kula da su sosai, saboda agwagin ruwa da ke tasowa daga Turai da Rasha a nan suke cin rani tare da dinya da ƙirinjijiya na gida. Dagona ma, da ke kusa da ku, don su aka keɓe ta. Ko kuma 'yan aikin taswirar tsuntsayen Najeriya ne, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos ta fara a 2015. A Arewa akwai rukunin 'yan sa-kai da suka ɗauki nauyin shiga lungu-lungu domin wannan taswira, mafi yawansu ɗalibai da matasan malamai.

Ga yadda aikin taswirar yake. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da 9 faɗi. Ka zaɓi gidan da ƙauyenku ya faɗa, ka ba shi aƙalla awa 2 kana zagawa: bakin ruwa, gona, cikin gari, kurmi in akwai. Duk irin tsuntsun da ka gani ko ka ji kukansa ka tabbatar, sai ka shigar a manhajar waya mai suna BirdLasser, ita kuma ta riƙe wurin da lokacin. Kana da kwana 5 ka ci gaba da ƙarawa kafin ka rufe takardar ka tura. In ka tura wani tsuntsun da ba a san shi a yankin ba, masu tantancewa za su nemi hoto ko ƙarin bayani. Kada ka ɗauki wannan a matsayin raini, farfesa ma haka ake yi masa.

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne farautar baƙon tsuntsu, su tsallake kurciya da hankaka da balbela wai kowa ya san su. Ungulu ma ai kowa ya san ta. Ka rubuta na kullum, ka sake rubutawa wata mai zuwa, ko da jerin bai canza ba. Ranar da ka je ba ka ga zalɓe a inda ya saba tsayawa ba, wannan rashin ganin ma bayani ne, amma ba ya zama bayani sai in akwai takardun baya da ke nuna da yana nan.

A nan ne kake da abin da mai digiri daga birni ba shi da shi. Shi zai zo kwana biyu ya koma, kai kana wurin rani da damina. Ka san wace fadama ce ta daina cika tun bayan da aka gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ka san inda ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa har jan baki ya samu mafaka a ciki. Ka san makon da shamuwa take sauka a kan tsamiyar ƙofar masallaci, ka san manoma da ita suke auna kusantowar ruwa, kafin ta koma kudancin Afirka in damina ta wuce. Da ɗan gari akan ci gari. Abin da ya rage maka kawai shi ne haɗa sunan da ka sani da sunan da ke cikin littafi, domin wani lokaci suna ɗaya na Hausa yakan rufe tsuntsaye iri uku ko huɗu. Wannan kuwa fita biyar ko shida tare da wanda ya riga ka ya isa ka kama hanya. Inda kake shakka, ka bar gurbin babu komai. Cike shi da zato ɓarna ce.

Batun kuɗi, gaskiya suka faɗa maka, babu albashi. Wani lokaci akan samu tallafin mota ko aron madubi in za a yi tafiya mai nisa, amma kada ka shiga da wannan a zuciya.

Shawara biyu daga abin da ya same ni. Kafin ka ɗaga madubi a ƙauyen da ba naka ba, ka fara gaida bulama ko mai unguwa, ka faɗi abin da ya kawo ka. An taɓa tsare ni rabin yini a wani gari saboda na tsallake wannan, kuma a halin tsaron da ake ciki ban ga laifin mutanen ba. Na biyu, ka gaya wa masunta da mafarautan garinku cewa in sun samu tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, su kawo maka ka kwafi lambar da rubutun da ke jiki. Wani ne ya sa zoben, watakila a Jamus ko Finlan, yana jiran labarin inda tsuntsun ya kai. Tun a 1822 wata farar shamuwa ta sauka a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ita ta taimaka wa Turawa suka gane inda tsuntsayensu ke zuwa in sanyi ya shigo. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostok.

Kuma kana da aji cike da yara. Ka manna takarda a bango, kowace shekara su rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa da ranar ruwan farko.

Tambaya: Ni matar aure ce a Kano, ban cika fita ba, amma akwai bishiyar darbejiya a tsakar gidanmu da tsuntsaye ke sauka. Zan iya shiga?

Amsa: Sosai kuwa, Hajiya. Manhajar eBird ta jami'ar Kwanel a Amurka tana karɓar lissafin wanda ke zaune wuri ɗaya. Kowace Fabrairu ma akwai ƙidayar kwana 4 ta tsuntsayen gida da aka fara a 1998, minti 15 kawai ake nema. Ki ajiye kasko da ruwa a gindin bishiyar, ki zauna bayan sallar asuba kafin hayaniya ta tashi. Za ki ga tsada da kurciya da hasbiya, wataƙila shirwa tana jewa a sama. Cikin tsofaffin unguwannin birni yana daga wuraren da masu ƙidaya ba sa iya shiga, ke kuwa kina ciki. In wayar ta yi miki wuya, littafin rubutu ya wadatar: kwanan wata, lokaci, suna, adadi. Ki aiko mana da shafin farko, zan taimaka miki da sunayen da suka shige miki duhu.