Amsa ga 'yar'uwar da ta tambayi ma'anar mataki na uku a hawan jinin huhu

Wa'alaikis salam, 'yar'uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarki: likita ya ce ƙanwarki na da hawan jinin huhu, ya rubuta FC III, wato mataki na uku, a katinta, ke kuma kin ji an ce matakan huɗu ne kacal, shi ne kike tambaya ko saura ɗaya ke nan a gama. Ni ba likita ba ce, amma shekarata bakwai da wannan ciwo, kuma abin da aka rubuta mini ke nan ranar farko.

Ki kwantar da hankalinki, ba irin matakan ciwon daji ba ne. Lambar nan ba ta faɗin irin ɓarnar da ke cikin jijiyoyin huhu. Abin da take faɗi kawai shi ne yawan aikin da mutum zai iya yi kafin haki, gajiya, ciwon ƙirji ko jiri kamar zai suma su taso masa. Don haka tana hawa, tana kuma sauka. Ni da uku na fara, bayan wasu watanni ina shan magani na dawo biyu, kuma can nake har yau, in ban da lokacin da mura mai zafi ta kwantar da ni na sake leƙa uku na ɗan lokaci.

Asalin rabe-raben na likitocin zuciya ne na birnin New York, sai a 1998, a taron da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira a garin Evian na Faransa, aka gyara shi ya dace da wannan ciwo. Mataki na ɗaya, ciwon na nan amma mutum na harkokinsa ba ya jin komai. Na huɗu kuwa, ko motsi kaɗan wahala ne, wani ma yana zaune yana haki, ga kumburin ƙafa da ciki saboda ɓangaren dama na zuciya ya gaji. Waɗannan biyun ba su da wuyar ganewa.

Inda ake ruɗewa shi ne tsakanin biyu da uku, domin a dukansu idan mutum na zaune lafiya lau yake. A na biyu, sai an yi aiki irin na kullum mai ɗan nauyi, kamar hawa bene, ɗauko bokitin ruwa, ko tafiya cikin kasuwa da sauri, sannan numfashi ya yi sama. A na uku, abin da bai kai wannan ba ma ya isa. Lokacin da nake uku, idan na share rabin tsakar gida sai na jingina da bango. Na fito wanka sai na zauna bakin gado na huta kafin in shafa mai. Ruku'u ya zame mini aiki, idan na ɗago sai in ga duhu-duhu, har na koma salla a zaune.

Ga abin da nake so ki riƙe sosai. Wannan lambar daga bakin mara lafiya take fitowa, mu kuwa kin san halinmu: an ce "ya jiki?" sai mu ce "da sauƙi, alhamdulillahi", ko da ana riƙe da mu. Wata rana likitana ya tambaye ni ko ina haki, na ce a'a, kwana biyu da sauƙi. Har ya kai biro kan takarda, sai mahaifiyata da ta rako ni ta ce, "Likita, ina za ta yi haki? Ta bar wanki, ta bar shara, ɗakinta ma ta sauko da shi ƙasa, yini take a kan tabarma." Ya ajiye biron ya sake tambayoyin daga farko. Ba ƙarya na yi niyya ba, wallahi. A hankali na yi ta zubar da ayyukan da ke wahalar da ni har na manta ina yinsu. Da an rubuta mini biyu a ranar, da ba a ƙara mini magani na biyu ba. Saboda haka idan za ku koma, ki bi ta, ku tafi da amsa takamaimai: matakalar bene nawa take hawa kafin ta tsaya, me take yi bara wanda bana ta daina, ta taɓa suma ko a'a.

Kuma ba da wannan lambar kaɗai suke yanke hukunci ba. Akwai gwajin tafiyar minti shida, a sa ki kai da komo a baranda ana auna nisan da kika ci. Wanda ya haura mita 440 ana ganin haɗarinsa kaɗan ne, wanda bai kai mita 165 ba haɗarinsa babba ne. Ni na farko da ƙyar na wuce ɗari uku. Akwai gwajin jini mai suna NT-proBNP da ke nuna wahalar da zuciya ke sha, akwai hoton zuciya da muke ce wa eko. Tabbatar da ciwon kansa kuwa sai an zura siririn bututu ta jijiya zuwa ɓangaren dama na zuciya an auna. A ƙa'idar likitoci ta 2022, matsin jini a jijiyar huhu da ya haura 20 shi ne hawan jinin huhu, a da sai ya kai 25.

Ki kuma duba katin da kyau, kada ki haɗa mataki da rukuni. Rukuni biyar ne, su musabbabin ciwon suke faɗi. Nawa shi ne rukuni na ɗaya, inda ƙananan jijiyoyin huhu da kansu suke tsukewa. Yana zuwa haka kawai, ko ta gado, ko dalilin rami a zuciya tun haihuwa irin nawa, ko cutar HIV, ko tsargiya da ta daɗe a jiki. Na masu sikila a rukuni na biyar aka sa shi, maganinsa ma ba ɗaya ba ne da na rukuni na ɗaya. Ni shekara biyu ana ba ni abin shaƙa na asma a wani ƙaramin asibiti kafin a gano ramin.

Idan an rubuta mata sildenafil, kada kunya ta hana ta sha. Eh, shi ne dai wanda maza ke saya, yaron kemis ma sai da ya kalle ni sau biyu, amma jijiyoyin huhu yake buɗewa, kuma ba a tsallake shi ko a daina kai tsaye. In tana da aure, su zauna da likita ita da maigidanta kan maganar juna biyu tun yanzu, don ciki na da haɗari ƙwarai ga mai wannan ciwo, bosentan kuma, wani magani da ake ba masu wannan ciwo, yana illata ɗan tayi. Ranar da ta suma, ko ƙafa ta kumbura farat ɗaya, ko haki ya same ta tana zaune, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku tafi a ranar.

Allah ya ba ta lafiya. Ki dubo mana rukunin da aka rubuta mata da mita nawa ta yi a gwajin tafiya, in an yi mata.