Amsar tambayarka kan Bahtiyari da ƙaurarsu

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka ce a hanya kun ga mutane da baƙaƙen tantunan gashin akuya suna kora tumaki, abokanka 'yan birni suka ce ai Bahtiyari ne, wata ƙabilar makiyaya ta ƙasar Iran, wai ƙauyanci ke hana su zama wuri ɗaya, shi ne kake tambaya ko al'ada ce kawai.

To al'ada ce, amma fa da lissafinta. Lokacin sanyi suna gangarowa filayen lardin Huzistan, da zafi ya fara ƙona ciyawa sai su hau duwatsun Zagros wajen Zard Kuh, su tsallake kogin Karun da dabbobi da yara da tsofaffi, kafin su dawo makiyayar da suka bari ta huta ta tofo. Duk wanda ya zauna kusa da rugar Fulani ya san wannan.

Ita kuwa hukuma ba ta ƙaunar mutumin da ba ta san inda zai kwana ba, ga wahalar karɓar haraji ga ɗaukar soja. Reza Shah da ya hau mulki a 1925 ya so Iran ta zama harshe ɗaya tufa ɗaya, ya kama sarakunan Bahtiyari, wasu aka kashe, ya tilasta musu zama a wurin da ba ya iya ciyar da garke shekara guda, dabbobi suka yi ta mutuwa. Ana sauke shi a 1941 da yawansu suka koma tafiyarsu, kai ma ka san in da zaman ya karɓe su ba za su tashi ba. Ɗan Reza Shah kuma, da ya gaje shi, a 1963 ya ce makiyaya duk na gwamnati ne, sai da takarda za ka yi kiwo a filin kakanka.

Ruwan ma bai tsira ba. Tun 1953 aka huda dutse a Kuhrang, cikin ƙasarsu, ana karkatar da ruwan Karun zuwa birnin Isfahan, daga baya madatsu suka cinye ƙauyuka. Larabawan birnin Ahwaz da ke ƙasan kogin su suka fi shan wuya, a 2021 sai da suka fito zanga-zanga saboda ƙishirwa, ga fetur a ƙarƙashin ƙafarsu ga ɓaunayensu kwance cikin taɓo.

Kada ka yi musu da abokan naka, kai baƙo ne. Amma in ɗan Isfahan ya sake cewa ƙauyanci, ka tambaye shi a hankali daga ina ruwan famfonsu yake zuwa.