Saura mako biyu, wai zai yi kilomita 40

Tambaya: Maigida, barka da hutawa. Mutumin nan da ka haɗa ni da shi, mai shirin zuwa gudun fanfalaki na Legas na kilomita 42, saura mako biyu tsere. Mafi nisan da ya taɓa yi kilomita 25 ne. Ya ce ranar Asabar yana so ya yi 40 don hankalinsa ya kwanta. In bar shi?

Amsa: Kai yanzu shekara biyu kana riƙe mini agogo da jarkar ruwa, amma har ka iya buɗe baki ka yi mini wannan tambayar? Kada ka bar shi. In ya matsa, ka ce ni na hana. In ya ƙara matsawa, ka ce ya biya ka cikon kuɗinka tukuna, sannan ya je ya karya kansa shi kaɗai.

Da wani ne ya tambaya, da nan zan tsaya. Amma ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, don haka zauna.

Kafin zuwan korona akwai wani Alhaji, ɗan kasuwa, ba zan kama suna ba don har yanzu muna haɗuwa a masallacin Juma'a. Likita ne ya tsorata shi da hawan jini, ya fara tattaki, tattaki ya zama sassarfa, sai ya ji a rediyo ana tseren Legas, wanda aka fara a 2016, ana yi duk watan Fabrairu. Ya zo ya same ni a filin wasa na Rwang Pam da ke nan Jos da tumbinsa da agogonsa mai tsada, ya ce shi fa sai ya gama kilomita 42 kafin ya cika hamsin. A lokacin ina da mutum goma sha huɗu da nake horarwa, ma'aikatan banki, malaman jami'a biyu, wata nas, duk masu gudun sha'awa ne, kuma da kuɗinsu nake ciyar da gidana. Muka yi ciniki da Alhaji a kan wata biyar. Ya ba ni rabi kafin alƙalami, ya ce rabin in mun dawo, kuma kuɗin motata zuwa Legas da masauki duk a wuyansa. Ban rubuta ba. Mutumin da ya je Makka sau uku, wa zai ce masa kawo takarda?

Gaskiya ɗaya, ya yi aiki. Ba zan ci haƙƙinsa ba ko da shi ya ci nawa. Duk Asabar bayan sallar asuba muna kan titi cikin sanyin Jos ɗin nan da ke sa yatsu su ƙage. Na ɗauko shi daga kilomita 12, ina ƙara biyu biyu, duk mako na huɗu in rage masa jiki ya sarara. Ni ina kan babur a gefensa da ruwa da dabino, ina jan sa da hira. Hirar nan ba don ina jin daɗin labarin kwantenarsa ba ne. Ita ce ma'aunina: muddin mutum zai iya ba ka labari ya kai aya ba tare da haki ya yanke shi ba, saurinsa daidai ne. Da na ji magana ta fara fita guntu-guntu sai in ce Alhaji sassauta. Wannan ne abin da ku yaran yanzu kuka kasa ganewa. Kowa ya ɗaura agogo yana leƙen hannu kamar mai jiran buɗa-baki, don a gama a ɗora a Facebook a ce wane ya yi gudu. Doguwar Asabar ba ranar nuna bajinta ba ce, a hankali ake yin ta, har mai tallan kunu ta ga kamar za ta iya cim maka.

Saura mako uku tsere na kai shi 32, daga Taminus muka miƙe Bukuru muka juyo, muka ƙara ɗan zagaye. Ya gama a tsaye, yana dariya. Na ce Alhaji, shi ke nan, an gama gini. Asabar mai zuwa 20, ta bayanta 10, sauran kwanakin ka ci tuwo ka yi barci.

Sai ya ce, to sauran goman fa? Ya za a yi in je in yi 42 ban taɓa yi ba?

Na yi masa bayanin da nake so kai ma ka riƙe, don ba zan maimaita ba. Jiki yana da ɗan rumbun sukari a hanta da tsoka, abin da ya ƙunsa bai fi ya kai mutum wajen kilomita 30 ba. Kitse kuwa ko siririn mutum yana da wanda zai kai shi Bauchi, sai dai jiki ba ya son taɓa shi sai an koya masa, kuma doguwar sassarfa a hankali ita ke koya masa. Wata da watanni ake wannan karatun. Abin da ya wuce awa uku zuwa uku da rabi a kan ƙafa, ga irin su Alhaji, ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Tsokar cinya da sharaɓa suna tsattsagewa ƙanana-ƙanana ta ciki, ido ba ya gani, kuma kafin su haɗe sai mako biyu zuwa uku. Wanda ya yi 40 ana saura kwana goma ya riga ya yi tserensa, ranar Legas gawar ƙafa zai kai musu. Goman ƙarshen nan hutu ne yake biyan ta, da taron jama'a, da abin da ka ci a hanya.

Ya ce ai ya gani a waya Kipchoge, zakaran gudun nan ɗan Kenya, yana yin 40 a atisaye. Na ce Alhaji, Kipchoge wajen kilomita 200 yake yi a mako a can sansaninsu na Kaptagat a Kenya, ba shi da shago ba shi da kwantena, gudu da barci ne sana'arsa. Mutumin da ya gama 42 a Balin ta Jamus cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9, 40 ɗinsa bai kai awa biyu da rabi ba ya koma ya sha shayi. Kai 40 ɗinka awa biyar ce kana dukan kwalta da nauyin buhun masara. (Wannan lokacin na Balin a 2022 ya yi shi, bayan rigimarmu, amma ko a lokacin shi ke riƙe da kambun duniya, kuma maganar ɗaya ce.) Ya yi dariya ya ce ya ji.

Ashe bai ji ba. Ranar Larabar da ta rage kwana goma, ya sa direbansa ya bi shi da mota, ya kama hanyar Zariya shi kaɗai ya yi 39. Ban sani ba sai da ɗaya daga cikin ma'aikatan bankin ya nuna mini a waya, ga taswira ga lamba, ga mutane suna ta zuba masa kirari a ƙasa. Na kira shi, ya ce ai lafiya lau, gwiwa ce kawai take ɗan magana. Da na je na gan shi yana sauka daga bene a karkace yana dafa bango, na san an gama. A ranar ya kamata in ce ba ni zuwa, a ba ni kuɗina. Kunya ta hana ni, ita ce kuma ta ci ni.

Shi ya hau jirgi. Ni na hau motar dare da kuɗin aljihuna, na sauka a Agege wurin wani ɗan uwa. Da asuba na same shi a bakin babban filin wasa na Surulere inda ake tashi, sai na ga ƙafarsa. Sabon kambas fil, ko ƙura bai taɓa gani ba, wai ɗansa ne ya aiko daga Ingila jiya-jiya. Tsohon da muka yi wata biyar da shi yana Jos. Kuma a gabana ya ɓare ƙwayoyin ciwon jiki guda biyu ya kora da ruwa, saboda gwiwar. Na ce Alhaji wannan maganin da zufar Legas ba sa shiri, ƙoda suke taɓawa. Ya ce Koci ka cika tsoro.

Kai ba ka taɓa gudu a Legas ba, don haka bari in gaya maka. Mu nan muna sama da mita 1,200, a hunturu zufa kafin ta sauko goshi iska ta shanye ta, jiki ya huce. Can bakin teku ne, iskar jiƙe take kamar tsumma, zufa tana zuba amma ba ta bushewa, ga ruwa na fita ga zafi bai ragu ba. Yaran Pankshin da aka haifa suna hawa dutse ma sun san wannan, in sun sauka can sukan ji numfashi ya yi sauƙi sai su ruɗu su ɗebo da zafi. Na ce masa ya fara a hankali fiye da yadda muka saba. Ana busa usur ya bi ayarin matasa. A gadar Third Mainland, wadda ta kusa kilomita 12 ba inuwa ko ta sandar wuta, ya riga ya ƙone rabin rumbunsa.

A wajen Lekki na tsince shi, an wuce 30 da kaɗan, rana ta take. Yana zaune a bakin kwalbati, ya cire takalmi ɗaya. Farar safar ta koma ja daga yatsu har diddige, bororo ya fashe, farcen babban yatsa yana lilo. Cinyarsa kuwa tana motsi da kanta kamar an sa ɓera a buhu, jijiya ta ɗaure. Gishiri ya bushe fari a gefen fuskarsa. Ina yi masa magana yana kallona yana kiran sunan direbansa. Motar asibiti ta kwashe mu. Leda huɗu ta ƙarin ruwa aka yi masa, da fitsari ya zo kuwa kamar shayi ba madara. Likitan ya tambaye ni me ya sha, na faɗa, ya girgiza kai kawai. Kwana biyu na yi a kan benci a asibitin nan, ni ne sayo ruwa, ni ne kai shi bayi. Matarsa ma ta wayata take jin lafiyarsa.

To ka san sakayyar? Muna dawowa Jos ya tara mutanena ya ce ni na cuce shi. Wai tsere 42 ne na tsayar da shi a 32, ga shi kuwa daidai 32 ƙafarsa ta tsaya, wace shaida ake nema kuma? Ka ji fa yadda ƙarya take dacewa da lissafi. Na 39 ɗin da ya yi a ɓoye, ya goge shi daga waya. Cikona bai ba ni ba, kuɗin mota bai ba ni ba, da na aika masa sai ya ce in gode Allah bai kai ni ƙara ba. Cikin mutum goma sha huɗu, tara suka bar ni suka koma wurin wani yaro da ya koyi aikin a YouTube, mai sa su tsalle-tsalle da kiɗa. Shekarar nan babur ɗina na sayar na biya kuɗin makarantar yara. Abin da ya fi ƙona mini rai, bayan mako ɗaya sai ga hotonsa a Facebook da lambar gamawa a wuya, ta nas ɗin nan ce ya ara, ita da ta bi maganata ta gama cikin awa biyar da 'yan mintuna tana tafe tana gaisawa da mutane. Har yau hoton yana nan. Wani lokacin nakan buɗe in kalla, ban san dalili ba.

Mutuminka dai 25 ya tsaya, ya yi kaɗan, kuma laifinka ne da ba ka ja shi zuwa 30 tun mako biyu da suka wuce ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, abin da babu yanzu babu shi. Asabar ɗin nan ka ba shi 18, in ya yi kyau 20, da takalmin da zai sa a can da rigar da zai sa a can, kuma ku fita da ƙarfe tara, rana ta ɗan dake shi ya ɗanɗana. Ta gaba 10. Ranar tsere ya riƙa takawa da ƙafa minti ɗaya a duk wurin ba da ruwa tun daga na farko, kada ya jira sai ƙafa ta roƙe shi. Dabino biyu ko rabin ayaba duk minti arba'in, da ruwan gishiri da sukari irin na masu gudawa a ƙaramar gora. Kada kuma ya yi ta ɗurar ruwa zalla don tsoro, shi ma yana kayar da mutum in ya wanke gishirin jiki. Ƙwaya ko wace iri, in ka gan ta a hannunsa ka karɓe, balle tiramol ɗin da abokanka suke haɗiya kamar gyaɗa suna cewa ƙarfi ne.

Maganar basilin da yanke farce da abin da zai ci daren tsere, in sai na gaya maka wannan to ka koma sayar da katin waya.

Nawa ma ya rage maka a wurinsa? Ka je gidansa gobe da daddare ka karɓo, kafin ya ji cewa ka hana shi 40 ɗin. In ya ce sai an dawo, ka ce maigidanka ne ya aiko ka. Sannan jibi ƙarfe biyar ka same ni a ƙofar filin wasa, kuma wannan karon ka wanke jarkar, ranar nan warin kunun aya take yi.